Topido, linzami da jirgin da aka ce ya kife

Malam, na ji a labarai an ce an harbi wani jirgin yaƙi da "makami mai linzami na ƙarƙashin ruwa". Shi ne topido? Kuma sunan ya dace?

Shi ne suke nufi. Amma dacewar sunan sai an duba wane irin topido ake magana a kai, kuma a nan masu fassara labarai ke yawan yin sakaci. Linzami dai kowa ya san shi, daga Larabci muka aro kalmar, kuma aikinsa ɗaya ne: mahayi ya juya doki inda yake so bayan tafiya ta riga ta fara. Waɗanda suka fara cewa "makami mai linzami" sun yi tunani mai kyau, domin suna nufin makamin da ake iya sarrafa shi bayan ya bar hannun mai harbi. Yanzu kuwa duk abin da ya tashi da wuta a gindinsa sai a ce mai linzami ne, har rokar da ake harbawa a bar ta ta faɗi inda ta ga dama. Wannan yana damuna ƙwarai, domin kalma mai kaifi ce ake dasashe ta a banza.

Topidon farko mai tafiya da kansa wani injiniya Bature ɗan Ingila, Robert Whitehead, ya ƙera shi a 1866 a garin Fiume, wanda yau ake kira Rijeka a ƙasar Kuroshiya. Matsattsiyar iska ce ke juya farfelarsa, akwai kuma na'urar da ke riƙe shi a zurfin da aka saita. Da zarar an sake shi, shi ke nan, babu mai iko da shi. In jirgin da aka auna ya kauce, ya wuce fayau. Yawancin waɗanda aka harba a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu haka suke. Sai a 1943 Jamusawa suka fara amfani da wanda ke bin ƙarar farfelar jirgi. Manyan na zamanin nan kuwa suna fita da siririyar waya a bayansu, tana warwarewa har tsawon kilomitoci, mai harbi yana zaune cikin jirginsa yana aika musu umarni su karkata dama ko hagu. To, wannan shi ne mai linzami na haƙiƙa, har ya fi mai tashi sama cancantar sunan, tunda igiyarsa a zahiri take.

Ga inda bambancin ke da nauyi. Ranar 2 ga Mayu 1982, a yaƙin tsibiran Falkland, jirgin ƙarƙashin ruwa na Ingila mai suna Conqueror ya nutsar da jirgin yaƙin Ajantina mai suna General Belgrano, mutum 323 suka mutu. Conqueror yana ɗauke da sabon topido mai waya, amma kwamandan ya zaɓi tsohon samfuri wanda aka tsara tun shekarun 1920, domin ya fi yarda da shi. Uku ya harba, biyu suka samu. Mai fassarar da ya ce makami mai linzami ne ya nutsar da Belgrano ya ɓoye wa mai sauraro ainihin abin da ya faru. Shawarata a ce topido kawai, kamar yadda muka karɓi bam da roka, sannan a ƙara "mai linzami" in yana da shi.

Daga ina kalmar topido ta samo asali?

Daga Latin, sunan wani kifin teku ne wanda in ya taɓa mutum sai jiki ya sandare. Ba shi ne minjirya ba, amma halinsu ɗaya.

Malam, me ya raba shi da nakiyar ruwa?

Nakiya dasa ta ake yi, ta zauna tana jira. Topido shi ke zuwa neman jirgi. A da Turawa da suna ɗaya suke kiran su, don haka in ka ga kalmar a tarihin yaƙin basasar Amurka na shekarun 1860, galibi nakiya ake nufi.

Ni malamar makaranta ce. Ɗalibaina suna rubuta "jirgi ya kife" a duk inda jirgi ya halaka. In gyara musu?

Ki gyara musu, Malama, Allah ya saka miki da alheri. Ba laifin yaran ba ne, daga bakin manya suka ji. Kifewa ita ce sama ya koma ƙasa, ƙasa ya koma sama. Nutsewa kuwa ruwa ya haɗiye abu, ko da a tsaye ya tafi. Jirgi yana iya kifewa bai nutse ba, yana iya nutsewa bai kife ba. A harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba 1941, topido da dama sun fasa wa jirgin yaƙin Amurka mai suna Oklahoma gefe ɗaya, ruwa ya cika wannan ɓangaren, nauyi ya rinjaya, ya mirgina har gindinsa ya fito fili, mutum 429 suka rasa rayukansu. Wannan ya kife. Lusitania kuwa, jirgin fasinja da Jamusawa suka harba ranar 7 ga Mayu 1915 a kusa da gaɓar Ailan, ya karkata ne ya tafi ƙasa da goshi cikin minti 18 da mutum kusan 1,200. Wannan ya nutse, ko kuma an nutsar da shi, wanda ya fi gaskiya tunda akwai wanda ya aikata.

Topidon zamani ma ba gefen jirgi yake nema ba. Ƙarƙashinsa yake shiga ya fashe, ƙarfin fashewar ya ɗaga tsakiyar jirgin sama, sannan ya sake shi ya faɗo cikin ramin da ya buɗe a ruwa, ƙashin bayansa ya karye. Wanda ya ce irin wannan jirgi ya kife bai faɗi komai ba. Ya dare gida biyu ne. Batun "nutse" da "nitse" kuwa kada ki rage wa kowa maki, duka Hausa ce.

"Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido", ko "tsole"?

Ana jin duka biyun. Ma'anar ce abin kula, kuma tarihin wannan makami ya cika ta. Ranar 22 ga Satumba 1914 wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus, U-9, ya nutsar da manyan jiragen yaƙin Ingila uku, Aboukir da Hogue da Cressy, cikin abin da bai fi awa ɗaya da rabi ba, sama da mutum 1,400 suka mutu. Biyun baya sun tsaya ceton mutanen na farko ne, aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Za a iya kiran yaƙin jiragen ƙarƙashin ruwa "sari-ka-noƙe"?

Ƙwarai kuwa, ya zauna daram.

Malam, ana cewa "ƙaiƙayi koma kan masheƙiya". Ƙaiƙayin jiki ake nufi? Kuma na ga an yi amfani da ita a kan jirgin Rasha Kursk.

A'a, ɗan'uwa, ina ruwan masheƙiya da susa? Ƙaiƙayin hatsi ne, wanda ake sheƙewa don iska ta tafi da shi, sai iskar ta juyo ta watsa wa mai sheƙar. Sharaɗin karin maganar ke nan: abin da ka aika wa wani ne zai dawo maka. A yaƙin ruwa an ga haka ƙuru-ƙuru. A watan Oktoba 1944 jirgin ƙarƙashin ruwa na Amurka mai suna Tang ya harba topidonsa na ƙarshe a mashigin Taiwan, makamin ya yi da'ira ya dawo ya doke shi ta baya, mutum 9 kaɗai suka tsira.

Kursk daban ne. A watan Agusta 2000 yana atisaye ne a tekun Barents, man wani topido na gwaji ya yoyo ya fashe a cikin jirgin, bayan kamar minti biyu sauran makaman suka tashi, duk mutum 118 da ke ciki suka mutu. Babu wanda suka nufa da sharri, don haka babu abin da ya koma kan kowa. Wannan tsautsayi ne. Ko a kan Tang ɗin ma ni ba zan rubuta ta a labari ba, domin karin maganar tana ɗauke da ƙamshin "Allah ya ƙara", kuma ba a faɗa wa waɗanda ruwa ya ci haka.