Me ya sa aikatau ɗaya ke sauya kama a harshen Palau?

Tambaya: Malam, na ga an rubuta melim, ngilmii da millim a harshen Palau, an ce duk “sha” suke nufi. Shin kalmomi uku ne daban, ko kalma ɗaya ce? Daga wata ɗalibar nazarin harshe.

Amsa: Malama, kalma ɗaya ce, saiwarta ngim. Harshen na mutanen tsibiran Palau ne da ke yammacin tekun Fasifik, ƙasar da ta sami ’yancin kai a 1994, kuma abin da masu shi suka fi kula da shi a aikatau shi ne ko aikin yana gudana ko kuwa an kai shi ƙarshe.

Melim siga ce ta aikin da ba a kammala ba. Idan mutum ya ce Ak melim er a ralm, yana nufin yana shan ruwan, bai kuwa ce komai ba game da ko ruwan zai ƙare. Ngilmii kuma tana nuna an gama da abin baki ɗaya, wato abin da mu ke bambantawa da “sha” da “shanye”, sai dai su sun ƙara da cusa abin da aka yi wa aikin cikin jikin kalmar, domin -ii ɗin ƙarshe na nufin “shi”, abu guda. Haka menga, “ci”, ke komawa kolii, “cinye shi”. Ki lura cewa er, ƙaramar kalmar da ta zo kafin a ralm, “ruwan”, a jimlar da ke sama, tana zuwa ne bayan siga marar kammala kawai, ba ta bin ngilmii.

Shuɗaɗɗen lokaci kuma da -il- ake nuna shi, kuma a tsakiyar kalma ake saka shi, abin da ya sa baƙon harshen ke kasa gane ta. Melim ta zama millim, “yana sha a da”, ngilmii ta zama ngilelmii, “ya shanye shi”. Lokaci mai zuwa ya fi sauƙi, domin mo, “tafi”, ake sa wa a gaba.

Akwai kuma sigar sa wani ya yi aiki: omengim, shayarwa, da omeka, ciyarwa. Wadda ta fi burge ni ita ce sigar abin da ya kamata a yi wa aiki, domin daga nan kall, “abinci”, ta fito, ma’anarta ta asali “abin da za a ci”.

Shawarata ita ce ki riƙa haddace kowane aikatau da sigoginsa huɗu tare, mai gudana da kammalalliya, a yanzu da a da. Littafin nahawun da Lewis Josephs ya wallafa a 1975 zai taimaka miki ƙwarai a kan haka.