Takardar indijin: Gusau ko Yauri?

Tambaya: Malam, a Gusau aka haife ni amma babana ɗan Yauri ne, ina so in cike aikin ɗan sanda an ce sai da takardar indijin, wato shaidar asalin ƙaramar hukuma, ina zan karɓa?

Amsa: Ɗan'uwa, asalin uba ake bi, don haka Yauri za ka, jihar Kebbi, ko da kuwa ba ka taɓa ganin kogin Kwara ba. Fara da mai unguwar gidanku na Yauri ya shaida ka, hakimi ya sa hannu, sannan ka wuce sakatariyar ƙaramar hukuma da hotunan fasfo da silif ɗin NIN (lambar shaidar ɗan ƙasa) ka biya kuɗin, kuma don Allah karɓi rasit. Kafin ka hau mota duba sunanka da kyau, Muhammad a NIN Mohammed a takarda kan jawo matsala ranar tantancewa.