Amsa ga Baffa a kan tsohon kurkukun Broad Street

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya. Ka ga hotunan yawon Sallar da muka yi da yara, ka ce an gaya maka wurin tsohon gidan yari ne, kuma Bahaushen kirki ba ya kai iyalinsa shan iska inda aka taɓa rataye mutane. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba. Tsohon kurkuku ne a titin Broad Street cikin tsibirin Legas, yanzu ana kiransa Freedom Park.

Turawan mulki ne suka fara gina shi da ƙasa da jinka, daga baya a 1885 suka sake shi da jan bulon da aka kawo daga Ingila. Herbert Macaulay ya zauna a ciki, haka Michael Imoudu shugaban ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa, haka Anthony Enahoro da Obafemi Awolowo. An rushe shi a 1979, sai filin ya koma juji. Ina yaro, in mun bi ta nan da mahaifinmu, hanci muke toshewa mu ƙara sauri. Wani masanin zanen gini, Theo Lawson, shi ya tsara yadda za a raya wurin, aka buɗe shi a 2010 zamanin gwamna Fashola, shekarar da Nijeriya ta cika shekara 50 da samun 'yancin kai.

Ba a share tarihin ba, kuma abin da ke kai ni ke nan. Tsohuwar katangar tana nan. An bar shatar ɗakunan fursunoni a ƙasa, ka ga ƙuncinsu da idonka. Babban ɗana ya kwanta a cikin ɗaya don ya gwada, ya tashi jikinsa a sanyaye yana tambayata laifin me mutanen suka yi. A nan na ba shi labarin yajin aikin gama-gari na 1945, abin da littafin makaranta bai sa ya riƙe ba. Inda aka yi rataya da, dandamalin wasa ne yanzu. Da dare akwai kiɗa, akwai masu shan abin da ba ma sha, ba zan ɓoye maka ba. Mu da rana muke zuwa, kafin magariba mun fita, babban masallacin Legas ba nisa.

Amma Baffa, na san ba wurin ne kaɗai ya dame ka ba. Maganar ita ce wadda aka saba yi mana duk zuwa gida, cewa mutanen Ikko mun zama Yarabawa. Wannan tana yi mini ciwo. Tun 1863 wani Bature, Glover, ya kafa rundunar Hausawa a garin nan, da yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayen gijinsu, kuma daga ita sojan Nijeriya ya samo asali. Ka ga kafin a aza tubalin farko na kurkukun nan akwai Hausawa a Legas. Unguwar Obalende ta san su. Kakanmu, wanda shi ne mahaifinka, jirgin ƙasa ya biyo ya sauka Agege saboda goro, ya yi huhu ya aika Kano har ƙarfinsa ya ƙare, kuma da kuɗin goron nan aka gina soron gidan da kuke zaune. A Agege muka binne shi. To ta yaya tarihin garin zai zama ba namu ba?

Sai zancen matata. Bayarabiya ce, Musulma 'yar Musulmi, kakanta limami ne. Ranar ɗaurin aurenmu mutum biyu kacal suka zo daga gida, har yau ban daina jin abin ba, ita kuma ba ta taɓa tayar da zancen ba. Hajiyarmu ce ta koya mata miyar kuka da dambun shinkafa, ita ta yi jinyar Hajiya har rai ya yi halinsa. Yaranmu in sun je gidan kakanninsu na wajen uwa su gaishe su da Yarabanci irin na can, in sun shigo namu su tsuguna su ce ina kwana. Suna zuwa makarantar allo a Zangon Agege, muna da Sarkin Hausawanmu, ana yi mana suna da zanen suna da wanzami kamar ko'ina.

Hausarsu ta ɗan karkace, na sani. Wanda ya tashi cikin harsuna uku dole wani ya taɓa wani. Abin da nake roƙonka, in sun zo hutun ƙarshen shekara, ka ja wa yaran gidan kunne su daina kwaikwayon maganarsu ana dariya. Zuwan da ya wuce, ƙaramar ta daina magana da kowa sai uwarta, kuma bana da ƙyar na shawo kanta ta yarda za ta biyo mu. A gyara musu in sun yi kuskure, za su ɗauka. A gaida Inna da sauran mutanen gida.