Neman asalin dangin Turawa: ina ake dosa kafin 1837?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A birnin Lidis na Ingila nake zaune, matata Baturiya ce, yaranmu kuma sun dame mu da son sanin kakanninsu na wajen uwa. Mun bi zuriyar har 1840 muka cije. A wata rajistar coci mun ga yaro mai sunan danginta, an yi masa baftisma a Yunin 1701, an binne shi a Janairun 1701. Kuskure ne? Kuma gidan kakanninta ne?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya raya zuriya. Ba kuskure ba ne. Kafin 1752, a Ingila sabuwar shekara ranar 25 ga Maris take kamawa, don haka Janairun nan bayan Yuni ya zo. A lissafinmu na yau 1702 ne. Yaron wata bakwai ya yi a duniya.

Inda kuka cije ɗin kowa nan yake cijewa, domin sai a 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa, aure da mutuwa. Kafin nan aikin coci ne, tun 1538 da Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma, ɗaurin aure da binnewa. Wasu littattafan sun ɓace, wasu sun yi giɓi a yaƙin basasar shekarun 1640. In haka ta faru, ku nemi kwafin rajistar da aka riƙa aika wa bishop, wato babban limamin yankin, tun 1598, a ma'ajiyar tarihi ta gundumar.

Tambayarka ta biyu ce ta fi damuna. Kada ku yi tsalle daga 1840 zuwa 1701 don suna ya zo ɗaya. Ƙauye guda sai ka tarar da John uku 'yan uwan juna, ga marubuci yana rubuta sunan dangi yadda kunnensa ya ji. Na sha ganin mutum ya shekara yana bin kakan wani.

Ku fara da ƙidayar 1851, wadda ta faɗi garin haihuwar kowa, ku riƙa hawa uba bayan uba. Sannan ku nemi wasiyya. Ni na fi amincewa da ita a kan rajista, saboda mamaci da bakinsa yake lissafa matarsa, 'ya'yansa, har surukai. Wasiyyoyin babbar kotun cocin Kantabari, har zuwa 1858, suna ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kew a Landan, amma na mutanen arewacin Ingila irin na yankinku galibi a birnin Yok suke.