Hannun Ɗana Na Rawa Bayan Allurar Wata-Wata

Tambaya: Likita, duk wata ana yi wa ɗana allurar taɓin hankali. Yanzu hannunsa na rawa, jikinsa ya sandare. In dakatar? Wata uwa, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Kada ki dakatar da kanki, ciwon kan dawo. Allurai irin haloperidol suna toshe aikin dofamin, sinadarin ƙwaƙwalwa mai daidaita motsi, shi ya sa cokali ke karkarwa a hannunsa. Ki mai da shi asibiti makon nan. Likita zai iya rage adadin, ya haɗa masa trihexyphenidyl, maganin rage rawar jiki da sandarewa, ko ya sauya zuwa olanzapine, wani maganin taɓin hankalin mai iya sa ƙiba da hawan sukari, sai a riƙa aunawa.

Amma in zazzaɓi mai zafi da ruɗewa suka biyo sandarewar, ku garzaya asibitin Komfo Anokye, ko da tsakar dare ne.