Tambayarku: Rigar matsi ta ishe ni, in riƙa cire ta idan zan fita?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malama. Ni mace ce 'yar shekara 27. Wata biyar da suka wuce tukunyar gas ta kama da wuta, na ƙone a hannun dama tun daga wuyan hannu har kafaɗa, da wani sashe na ƙirji. An yi mini dashen fata, ciwon ya rufe alhamdu lillahi. Daga nan aka auna ni aka ba ni wata riga mai matse jiki da safar hannu, aka ce in riƙa sawa dare da rana. Malama, rigar nan ta ishe ni. Ga zafi, ga ƙaiƙayi, kayana duk sun daina zama a jikina, ga kuma idon mutane a kan hannuna. Yanzu na fara cire ta idan zan fita, in mayar idan na dawo. Shin hakan zai ɓata maganin? Kuma wane irin kaya zan riƙa sawa a kanta?

Daga wata mai karatu

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

E, cirewar nan tana rage wa maganin ƙarfi, kuma a wata na biyar da kike ciki ta fi yin ɓarna, domin tsakanin wata na 3 zuwa na 6 ne tabon ƙuna ya fi tasowa. Ciwo na iya rufewa a sama alhali a ƙarƙashi jiki bai gama aiki ba. Yana ci gaba da zuba wani sinadari mai suna kolajin, wanda da shi ake gina tabo. Idan ƙunar ta yi zurfi, ko ta wuce mako 3 ba ta rufe ba, jiki kan zuba shi fiye da kima, a cukurkuɗe kamar zaren da ya harɗe. Shi ne za ki ga tabo ya yi tudu, ya yi tauri, yana ƙaiƙayi, in kuma a kan gaɓa yake ya janye ta har miƙewa ta gagara. Masu baƙar fata mun fi saurin yin irin wannan tabo. Matsin rigar yana rage jinin da ke kwarara zuwa wurin, yana kuma taimaka wa kolajin ya kwanta a jere. Tun farkon shekarun 1970 aka yaɗa wannan hanya daga asibitin ƙuna na Shriners da ke Galveston a jihar Texas ta Amurka, kuma matsin da ake nema yakan kama daga 15 zuwa 25 a ma'aunin da ake auna hawan jini da shi. Abin da ake so shi ne awa 23 a rana, awa ɗaya ta wanka da shafa mai, na tsawon wata 12 zuwa 18, wasu har shekara 2. Rigar ba za ta shafe tabon ya ɓace ba. Abin da take yi shi ne ta sa ya kwanta, ya yi laushi, hannu ya ci gaba da motsi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga hannun dama.

To sai maganar kaya, wadda a ganina ita ce ainihin abin da ke sa ki cire rigar. A aikina na auna wa masu ƙuna rigar matsi na lura mutane kan yi ƙoƙarin cusa rigar matsi cikin tsofaffin kayansu, in ta ƙi shiga sai su ajiye ta. Ki juya lissafin. Ki ɗauki rigar a matsayin fatarki ta wannan shekarar, ki zaɓi kaya daidai da ita.

Ki nemi yadi marar nauyi wanda iska ke ratsawa, auduga ta fi. Rigar matsin da nailon da zaren roba aka saƙa ta, ita kanta tana riƙe zafi, don haka in kin ɗora mata wani yadin roba kin haɗa wa kanki zafi biyu. Rigar sama ta zama mai faɗi a hammata da hannu, domin hannun da ya matse yakan naɗe rigar matsin ta ciki, ta tattare a gwiwar hannu ta zama igiya tana cin fata. Wadda ake buɗewa ta gaba ta fi wadda ake zurawa ta ka sauƙi ga kafaɗar da ba ta gama ɗaguwa ba, kuma idan za ki sa, ki fara zura hannun da ya ƙone, in za ki cire ki fara da mai lafiya. Ƙananan maɓallai suna wahala da safar hannu, ki sa tela ya canza miki su da manya ko da zif mai kunne babba. Ki guji kayan ado masu duwatsu ko ƙarfe, da awarwaro da zobe a wannan hannun, don suna fizgar zaren rigar, kuma wurin da ya fizge matsinsa ya tafi ke nan. Igiyar jaka ma ki mayar da ita kafaɗar hagu. Rigar nono kuwa a kan rigar matsin ake sa ta, marar ƙarfe, mai faɗin igiya. Idan akwai kwarin da rigar ba ta taɓawa, kamar tsakiyar ƙirji ko hammata, ki gaya wa mai auna ki, akwai soso na musamman da silikon, wato wata roba mai laushi, da ake cusawa don matsin ya isa wurin.

Game da launi, mutane da yawa ba su san suna da zaɓi ba. Masu ɗinka irin wannan riga suna yin ta da launuka daban-daban, har da baƙi da ruwan ƙasa. Na ga mata da dama da suka samu natsuwa bayan sun bar launin da ake cewa na fata, wanda sau da yawa bai dace da fatar tamu ba, suka koma baƙi, don baƙar safar hannu a ƙarƙashin dogon hannun riga kamar kayan sawa kawai take. Ki tambaya a awo na gaba. Idon mutane kuwa ba zan ce miki ba ya ciwo ba. Ki tanadi gajeriyar amsa guda, kamar "ƙuna ce, wannan maganinta ne", ki faɗa ki wuce, babu mai bin ki bashin labari. In kuma kin ga fita ta fara gagarar ki, ko barci na ƙaurace miki, ko wutar tana dawo miki a mafarki, ki faɗa wa likitanki da bakinki, wannan ma ciwo ne da ake magani.

Zafin da kike ji yana da dalili. Fatar da aka dasa ba ta yin gumi yadda ta saba, don haka jiki na shan wahala kafin ya huce. Ki yawaita shan ruwa, ki tsara fitarki da safe ko da yamma, in zafi ya yi yawa ki ɗan fesa ruwan sanyi a kan rigar ki zauna gaban fanka. Kada ki ɗauka rigar ta tare miki rana gaba ɗaya. Sabon tabo yana saurin yin duhu a rana, ki rufe shi da kaya, wurin da ya fito kuma ki shafa man kariya daga rana mai lamba 30 ko sama.

Ƙaiƙayi yawanci bushewa ce ke ƙara shi, don ƙunar ta lalata wuraren da ke fitar da maiƙon fata. Ki shafa mai marar turare sau biyu ko uku a rana, ki murza shi da ɗan ƙarfi, ki bari ya shige kafin ki mayar da rigar. Basilin da danginsa suna kashe robar riga, ki nemi mai mai ruwa-ruwa. Kada ki sosa, ki danna ko ki bubbuga da tafin hannu. In ya hana ki barci akwai magungunan da likita ke rubutawa.

Ya kamata ki mallaki riga biyu, ɗaya a jiki ɗaya a shanya. Kullum ki wanke wadda kika cire da hannu, da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi, ban da bilic, ban da murɗawa, ban da guga. Ki naɗe ta a tawul ya tsotse ruwan, ki shimfiɗa a inuwa. Duk kulawarki, robar kan saki bayan wata 2 zuwa 3, sai a sake awo, haka ma idan kin ƙara ƙiba ko kin rame. Kada ki yanke ta ko ki kai wa tela ya rage, mai auna ki ne kaɗai zai gyara.

Akwai alamun da in kin gan su za ki cire rigar nan take ki nemi asibiti: yatsu su kumbura, su yi sanyi ko su canza launi, hannu ya mutu ko ki ji kamar ana tsira miki allura, ko ciwo ya buɗe yana ruwa da wari. Ƙaramin bororo kuwa yakan faru ga sabuwar fata, a rufe shi da bandejin da ba ya mannewa a ci gaba da sawa, amma ki nuna shi a gani.

Ranar ajiye rigar likitanki ko mai auna ki ne zai faɗa, bayan ya taɓa tabon ya ji ya yi laushi, ya kwanta, launinsa ya daina sauyawa. Galibi ana rage awannin ne a hankali ana duba ko zai sake tasowa. A ganawarku ta gaba ki tafi da rigunan da kika fi sawa guda biyu, ki gwada su a kan rigar matsin a gabansa, ku ga inda take tattarewa. Allah ya ba ki lafiya, ƙanwata.