Muna da man fetur, me ya kai mu cin bashi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne. Tun 2003 ake haƙar mai a Doba, a kudancin ƙasarmu Chadi, amma duk shekara idan aka gabatar da kasafin kuɗi sai mu ji akwai giɓi, za a ciyo bashi. Ina kuɗin man yake tafiya? Kuma laifi ne ƙasa ta ci bashi? Daga wani malami a Njamena.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya saka da alheri.

Tambayarka ta biyu ta fi sauƙi. Ba laifi ba ne, muddin an gina abin da zai dawo da kuɗin, kamar hanya ko wutar lantarki. Ƙa'idar CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Tsakiya da Chadi take ciki, ma ta yarda bashin ƙasa ya kai kashi 70 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, kuma Chadi ba ta kai nan ba. Sharuɗɗan bashin ne suka shaƙe mu.

A 2014 kamfanin mai na gwamnati, SHT, ya karɓi rancen dala biliyan 1.4 da ɗoriya daga Glencore, wani babban kamfanin cinikin mai da ma'adinai, domin sayen kason kamfanin mai na Chevron na kashi 25 cikin 100 a rijiyoyin Doba. Aka yi yarjejeniya da ɗanyen mai za a biya. A lokacin gangar mai ta haura dala 100. Kafin farkon 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Ka ga manomin da ya ci bashi da damina a kan zai biya da gero, sai gero ya karye da kaka: buhu ɗaya da ya yi niyyar bayarwa ya koma uku, rumbu ya tashi wayam. Haka Glencore ya riƙa ɗibar kaso mai tsoka daga man da ake lodi a tashar jiragen ruwa ta Kribi a Kamaru, tun sisi bai iso baitulmali ba.

Abin da ya biyo baya ka fi ni saninsa, Malam, don a aljihunka ya faɗa. Matakan tsuke bakin aljihu 16 na 2016 sun zaftare rabin alawus ɗin ma'aikata, suka soke tallafin ɗaliban jami'a, makarantu suka yi watanni a rufe saboda yajin aiki. Wannan yana yi mini ciwo har yau, domin yaran da suka zauna a gida ba a yi shawara da iyayensu ba ranar da aka sa hannu a kan rancen. Ga shi kuma asusun ajiya domin 'yan baya, wanda dokar 1999 ta ware wa kashi 10 cikin 100 na kuɗin mai, an riga an soke shi tun 2006. Ranar tsanani ta zo babu ajiya.

A 2018 aka tsawaita wa'adin bashin Glencore zuwa shekara 12, aka rage kuɗin ruwa. A Janairun 2021 Chadi ta zama ƙasa ta farko da ta nemi sassauci a ƙarƙashin sabon tsarin G20, ƙungiyar manyan ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki, aka daidaita a Nuwamban 2022. Sai dai lokaci aka ƙara mana, ba a yafe uwar kuɗin ba.

Idan kasafi ya je gaban majalisa a ƙarshen shekara, ku sa shugabannin ƙungiyarku ta malamai su nemo takardar. Su duba nawa aka ware wa biyan bashi, su ajiye shi kusa da kason ilimi da na lafiya. Sannan su tambaya a kan dala nawa aka ƙiyasta gangar mai, domin in farashi ya sauko ƙasa da haka, albashinku da alawus ne za a fara taɓawa.